Wasannin Kwaikwayon da Suka Cancanci a Je a Gani a Baɗi

Duk lokacin da shekara ta doshi ƙarshe, gidajen wasan kwaikwayo manya da ƙanana sukan fara fitar da jerin wasannin da suka tanadar wa shekara mai zuwa, masu sha'awar wannan fanni kuma su shiga tambayar juna wane wasa ya kamata a gani, wanne za a iya bari ya wuce. Amsar da aka fi samu ita ce sunan wani fitaccen ɗan wasa, ko sunan wasan da aka fi kashe wa kuɗin talla. Ni kuwa ina da wani ma'auni daban da nake so mai karatu ya riƙe kafin ya yanki tikiti a baɗi, kuma tambaya ce guda ɗaya: shin wannan wasa yana buƙatar in kasance cikin zauren da jikina, ko kuwa da za a ɗauke shi da kyamara in kalla a waya babu abin da zan rasa? Wasan da yake buƙatar mutum a zaure ya cancanci lokacinsa da kuɗinsa ko da ba a taɓa jin sunan marubucinsa ba, saura kuwa ana iya jiran su a kan allo.

Abin da ya faru a lokacin annobar korona ne ya fito da wannan magana fili. A ranar 12 ga Maris 2020 aka rufe gidajen wasa 41 na Broadway da ke New York, yawancinsu kuma ba su sake buɗewa ba sai daga watan Satumba na 2021. A wannan tsakani, gidan wasan ƙasa na Landan, wanda tun 2009 yake ɗaukar wasanninsa yana nuna su a gidajen sinima, ya riƙa sakin wasu kyauta a YouTube, jama'a masu ɗimbin yawa suka kalla daga ɗakunansu. Aikin alheri ne, kuma har gobe yana da amfani ga wanda ba shi da gidan wasa kusa da shi. Sai dai duk wanda ya saba zama a zaure ya lura da abin da ya ɓace. Kyamara ita ke zaɓa wa mutum inda zai duba, alhali a zaure shi ke da iko da idonsa: yana iya barin sarkin da ke ta zuba jawabi a tsakiyar dandamali, ya kafa wa baran da ke tsaye shiru a gefe ido, ya ga yadda maganar take sauka a fuskarsa. Sannan ɗan wasa yana jin 'yan kallo kamar yadda suke jin sa. Idan dariya ta ɓarke sai ya dakata mata, idan tari da motsin kujeru suka yi yawa ya san hankula sun fara barin sa, idan kuwa zaure ya yi tsit, irin shirun da ɗaruruwan mutane ke yi tare ba tare da wani ya umarce su ba, sai ya ja numfashi ya bar shirun ya yi aikinsa. Shi ya sa wasan daren Talata yakan bambanta da na daren Laraba ko da ba a canza harafi ɗaya a rubutun ba.

Da wannan ma'auni, abin da nake ba da shawarar a fara nema a jerin wasannin baɗi shi ne tsohon wasa da aka dawo da shi saboda wani dalili na yau. Akwai masu ganin cewa kallon wasan da aka rubuta ɗaruruwan shekaru da suka wuce ɓata lokaci ne tunda an riga an san ƙarshensa. Ban yarda da su ba, kuma wasan Antigone na Sophocles ya ishe ni hujja. An fara yin sa a ƙasar Girka wajen shekara ta 441 kafin Miladiyya, labarinsa kuma gajere ne: sarki Creon ya haramta binne gawar wani da ya ɗauki makami ya yaƙi birninsu, 'yar'uwar mamacin, wato Antigone, ta ce haƙƙin mamaci ya girmi dokar sarki, ta je ta rufe shi da ƙasa, aka yanke mata hukuncin kisa. A watan Fabrairu na 1944, lokacin da sojojin Jamus ke mamaye da Paris, aka gabatar da shi kamar yadda Jean Anouilh ya sake rubuta shi, a gaban mutanen da kowannensu ya san abin da bin doka ko ƙin bin ta yake nufi a wannan hali. A kurkukun tsibirin Robben na Afirka ta Kudu fursunoni sun yi shi a tsakaninsu, Nelson Mandela ne ma ya fito a matsayin Creon.

A kan irin wannan labari na fursunoni ne Athol Fugard da John Kani da Winston Ntshona suka gina wasansu mai suna The Island a 1973, wanda idan aka ga sunansa a kowane jeri ina roƙon kada a bari ya wuce. Wasan yakan buɗe babu magana ko ɗaya. Fursunoni biyu ne a kan dandamalin da kusan babu komai a kai, sai ƙarar usur na mai gadin da ba a ganin sa. Kowannensu yana haƙar yashi yana lodawa a baro, ya tura shi da ƙyar zuwa ramin ɗan'uwansa ya juye, ya dawo ya tarar shi ma an cike masa nasa. Babu yashi a wurin, babu shebur, babu baro. Jikinsu ne kawai ke nuna nauyin kayan, kuma sukan ci gaba da haka na tsawon mintuna har gumi na gaskiya ya jiƙe musu riga, har ɗan kallo ya fara jin gajiyar a kafaɗarsa yana fatan a busa usur a tsaya. Da fim ne, mai tace hoto zai datse wannan wuri ya bar 'yan daƙiƙu, domin mai kallon allo ba zai jure ba. A zaure kuwa mutum ba shi da wurin gudu, dole ya zauna cikin wahalar tare da su har ta ƙare. Can a ƙarshe, sa'ad da mutanen biyu suka gabatar da shari'ar Antigone a taron nishaɗi na kurkukun, 'yan kallon da ke zaune su ne suke zama fursunoni da masu gadin da ake yi wa wasan, kuma a kansu ne ɗan wasan yake juyowa ya yi maganarsa ta ƙarshe.

Sai dai sunan tsohon wasa kaɗai bai isa ya sa a yanki tikiti ba, dole a duba hannun da zai ɗora shi a kan dandamali. A watan Oktoba na 1896 aka fara yin wasan Anton Chekhov mai suna Chaika, sunan wani tsuntsun teku, a birnin Saint Petersburg na Rasha, 'yan kallo suka yi ta ihu da dariyar raini har marubucin ya fice yana cewa ya bar rubuta wasa ke nan. Bayan shekara biyu Konstantin Stanislavski da abokin aikinsa Nemirovich-Danchenko suka ɗauki wannan rubutu dai suka yi shi a Mosko bayan dogon atisaye, suka ba shiru da ƙananan motsi irin muhimmancin da ake ba magana, wasan ya samu karɓuwar da ta sa gidan wasansu ya mayar da hoton tsuntsun da wasan ya ɗauki sunansa ya zama tambarinsa. Don haka idan aka sanar da wani wasa na Shakespeare ko Ibsen ko Molière, a nemi abin da mai ba da umarni ya faɗa game da shi. Idan yana iya bayyana a taƙaice dalilin da ya sa yake son yin wannan wasa a wannan shekara, akwai alamar za a ga abin kirki. Idan kuwa iyakar hujjarsa ita ce wasan sananne ne, to, mai yiwuwa abin da za a tarar shi ne kyawawan tufafi da mutanen da suka haddace magana.

A cikin wasannin da suka fi kusa da zamaninmu, wanda na fi ɗokin gani da cikakkun kayan aikinsa shi ne Death and the King's Horseman na Wole Soyinka, wanda aka buga a 1975, aka kuma gina shi a kan wani abu da ya faru a Oyo, inda jami'in mulkin mallaka ya shiga tsakani ya hana wani babban bafaden sarki bin ubangidansa zuwa kabari kamar yadda sarautarsa ta ɗora masa. Mutane da yawa sun karanta shi a aji suka ce yana da wuya, kuma suna da gaskiya, domin rabin ma'anarsa tana cikin ganguna da rawa da muryoyin matan kasuwa, waɗanda takarda ba ta iya ɗauka. Gidan wasan ƙasa na Landan ya yi shi a 2009, bikin Stratford na Kanada ya yi shi a 2022, sassan koyar da wasan kwaikwayo na jami'o'i kuma sukan dawo da shi lokaci zuwa lokaci.

Inda na fi so mai karatu ya yi kasada kuwa shi ne wajen sabon wasa na marubucin da bai yi suna ba, a ƙaramin zaure mai kujera hamsin ko ɗari. Manyan gidajen wasa suna ɗauke da nauyin albashi da wutar lantarki da gyaran gini, kujerar da ta kwana babu kowa kuma asara ce da ba a mayar da ita, saboda haka shugabanninsu sukan karkata ga sunan da jama'a suka riga suka sani. Ba na zargin su, amma sakamakon shi ne sabuwar murya ba ta cika farawa daga can ba. Wasan Samuel Beckett na mutum biyu da ke jiran wani Godot a gindin bishiya, wanda yau ake koyar da shi a jami'o'in duniya, a wani ƙaramin gidan wasa na Paris ya fara fitowa a watan Janairu na 1953. A 1947, lokacin da aka kafa babban bikin fasaha na Edinbara a Sikotilan, ƙungiyoyi takwas da ba a gayyata ba suka zo suka yi wasanninsu a gefe, daga nan aka samu bikin Fringe, wanda yanzu yake ɗaukar shirye-shirye sama da 3,000 na wasa da barkwanci da rawa da kiɗa a watan Agusta, kuma har yau babu wani kwamiti da ke tantance wanda zai shiga. A can ne ɗaliban jami'ar Oxford suka yi wasan da ya fito da marubuci Tom Stoppard a 1966.

A Afirka ne aka fi ganin cewa ƙaramin dandamali yana da ƙarfin da masu mulki ke tsoro. An buɗe gidan wasa na Market a Johannesburg a 1976 cikin wata tsohuwar kasuwar kayan marmari, ya tara baƙaƙen fata da fararen fata a zaure ɗaya a lokacin da dokar wariyar launin fata ke raba su. A Kenya, manoma da ma'aikatan ƙauyen Kamiriithu su suka gina dandalinsu da hannunsu, suka yi wasan da Ngugi wa Thiong'o da Ngugi wa Mirii suka rubuta da harshen Kikuyu a 1977. Gwamnati ta hana wasan bayan 'yan makonni, ta tsare Ngugi wa Thiong'o na kimanin shekara guda ba tare da shari'a ba, sannan a 1982 aka rushe dandalin. Littattafan da ya rubuta da Ingilishi kafin nan ma suna ɗauke da suka mai zafi, amma sai da talakawa suka taru suna kallon rayuwarsu da harshensu sannan aka kama shi.

Ba zan ɓoye wa kowa ba, sabon wasa yakan zo da rauni. Wani zai yi tsawo fiye da kima, wani marubucinsa zai tsaya yana wa'azi ta bakin 'yan wasa maimakon ya bar su su rayu, wani kuma zai fara da kyau ya rasa inda zai sauka. Amma sai an gwada akan san na ƙwarai, kuma akwai wani lissafi da ya kamata a yi. Wasan The Mousetrap yana gudana a Landan tun 1952, annobar korona ce kawai ta dakatar da shi na wani lokaci, The Phantom of the Opera kuma ya yi shekara 35 a Broadway kafin a rufe shi a 2023. Irin waɗannan ba su dogara da kujerar mutum ɗaya ba, wanda bai gan su a baɗi ba, zai same su, ko makamantansu, a shekarar da ke biye. Sabon wasa a ƙaramin zaure kuwa sau da yawa mako biyu ko uku ne iyakar rayuwarsa, idan kujerun suka kwana babu kowa ba za a sake yin sa ba, marubucin ma yana iya ajiye alƙalami ya nemi wata sana'a. A cikin wannan rukuni nake sa wasannin ɗaliban da ke kammala karatun wasan kwaikwayo, waɗanda jami'o'i da kwalejoji ke gabatarwa a ƙarshen zangon karatu. Kayan aikinsu ba su da yawa, amma sun daɗe suna atisaye, kuma da dukan ƙarfinsu suke yi domin da shi za a auna su.

Kada a ɗauka ina adawa da manyan wasanni masu ƙayatattun fitilu da waƙa da rawa, domin akwai waɗanda suka cika ma'aunin nan fiye da wasu ƙanana. Misalin da nake yawan tunawa shi ne War Horse, wanda gidan wasan ƙasa na Landan ya fara yi a 2007 tare da kamfanin Handspring na Afirka ta Kudu, masu ƙera 'yan tsana. Dokin da ke tsakiyar labarin da kwagiri da yadi mai shara-shara aka yi shi, mutum uku ke sarrafa shi, ɗaya a kai, ɗaya a ƙirji, ɗaya a ƙugu, kuma ba a ɓoye su ba, ana ganin ƙafafun biyu daga cikinsu a ƙarƙashinsa. Amma da zarar haƙarƙarin dokin ya fara ɗagawa yana sauka kamar mai numfashi, kunnensa ɗaya ya juya wajen wata ƙara, jelarsa ta kaɗa, sai ido ya daina ganin mutanen. Ɗan kallo ya san kwagiri ne, duk da haka zuciyarsa takan karye sa'ad da dokin ya sarƙe cikin wayar ƙaya a fagen yaƙi. An yi fim ɗin labarin a 2011 da dawakai na gaske, amma wannan aiki da ɗan kallo ke yi da kansa, na ganin rai a jikin abin da ba shi da rai, babu shi a ciki, domin kyamara ta riga ta yi masa komai. Idan wasa irin wannan ya zo kusa, a je, a kuma tafi da yara. Abin da nake ja da baya a kansa shi ne wasan da aka kwafo daga wani fim da ya yi kasuwa, fitowa bayan fitowa, aka cika bayan dandamali da manyan alluna masu hoto, aka ɗora tauraron talabijin wanda bai taɓa koyon kai murya ƙarshen zaure ba. Akwai taurarin fim da suka ƙware a dandamali, yawancinsu kuma daga can suka fara, saboda haka abin dubawa shi ne ko mutumin ya taɓa yin wasa kai tsaye a gaban jama'a dare bayan dare.

Wani abin da mutane ke gudu, wanda nake ganin kuskure ne, shi ne wasa da harshen da ba su ji. A 2012 gidan wasa na Globe a Landan, wanda aka buɗe a 1997 bisa siffar na zamanin Shakespeare, ya gayyato ƙungiyoyi daga sassan duniya suka yi wasanninsa 37, kusan kowanne da harshe daban. Akwai wanda aka yi da Yarbanci daga Legas, akwai na Swahili daga Nairobi, akwai na Larabcin Juba daga Sudan ta Kudu, ƙasar da a lokacin ba ta cika shekara guda da samun 'yanci ba. Ba a fassara maganganun layi-layi ba, taƙaitaccen bayanin kowace fitowa kawai ake haskawa a gefe. Idan kunne ya rasa ma'anar kalmomi sai ido ya farka, mutum ya fara karanta kishi a kafaɗar miji da roƙo a tafin hannun mata, ya gane cewa babban kaso na abin da ɗan wasa ke isarwa a jikinsa yake. Duk wanda ya ji an ce wata ƙungiya ta zo daga wata ƙasa, ya karanta taƙaitaccen labarin wasan tun daga gida ya je ya gani.

Wanda Allah ya hore wa halin tafiya yana iya tsara shekararsa bisa bukukuwan da lokacinsu sananne ne. Na Avignon a Faransa, wanda Jean Vilar ya kafa a 1947, a watan Yuli ake yi, kuma tun 2023 yake zaɓar harshe guda a matsayin baƙo kowace shekara, Larabci ne ya samu wannan girma a 2025. A lokacin bazarar Turai akan yi tsofaffin wasannin Girka a dandalin Epidaurus, wanda aka gina a ƙarni na huɗu kafin Miladiyya, mai ɗaukar mutum kusan 14,000. A tsakiyar shekara akwai bikin fasaha na Makhanda a Afirka ta Kudu da aka fara a 1974. Wanda ya fi burge ni shi ne Récréâtrales na Wagadugu, da aka kafa a 2002, inda mazauna wata unguwa suke buɗe tsakar gidajensu a kafa dandamali a ciki. Shi da bikin fasaha na MASA na Abijan duk bayan shekara biyu ake yin su, don haka sai a bincika ko sun faɗo a baɗi. Ranar 27 ga Maris kuma ita ce Ranar Wasan Kwaikwayo ta Duniya tun 1962, ƙungiyoyi da dama sukan shirya wani abu a cikinta. Wanda ba shi da halin tafiya bai yi asarar asalin abin ba. Daga ƙarshen 1972 zuwa farkon 1973 Peter Brook, ɗaya daga cikin manyan masu ba da umarni na ƙarni na ashirin, ya ratsa Aljeriya da Nijar da Nijeriya da Dahomey (Jamhuriyar Benin ta yau) da Mali tare da 'yan wasansa, kuma darduma ɗaya ce dandamalinsu, su shimfiɗa ta a fili mutane su kewaye su. Ƙungiyar da ke wasa a zauren makaranta ko a fili tana da duk abin da Brook yake nema a wannan tafiya, muddin ta yi atisaye da gaske.

Akwai kuma wani fata da nake da shi game da wasannin da aka rubuta da harsunan da ba su da manyan gidajen wasa, waɗanda suka zama littattafan jarrabawa kawai. Gaskiya ne wasu wasannin don karatu aka yi su: Ahlul Kahfi na Taufiƙ al-Hakim na Masar ya yi suna ƙwarai da aka buga shi a 1933, amma da aka ɗora shi a dandamali a 1935 bai ja jama'a ba. Sai dai wasanni irin su Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Uwar Gulma na Mohammed Sada, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina, maganganunsu na baki ne, sai an furta su da murya ake jin zaƙinsu da zafinsu, kuma ɗalibai masu yawa sun amsa tambayoyi a kan jigonsu da salonsu ba tare da sun taɓa ganin mutum ya tsaya ya faɗi layi ɗaya daga cikinsu ba. Idan wata ƙungiya ta yi ƙarfin halin fito da ɗaya daga cikinsu a baɗi, shi zan sa a gaba da duk abin da na ambata, kuma ina fatan malamai za su kai ɗalibansu.

Game da sharhin masu nazari, a karanta shi don sanin irin wasan da tsawonsa da ko ya dace da yara, amma kada a miƙa musu hukunci gaba ɗaya, domin dare ɗaya suka gani, galibi kuma daren farko ne, lokacin da 'yan wasa ba su gama sabawa da juna da zauren ba. Wasa yakan nuna ne bayan an yi shi 'yan kwanaki. A zaɓi kujera kusa da dandamali ko da daga gefe ce, inda za a ga motsin ido a ji saukar numfashi, a kuma kashe waya gaba ɗaya, domin hasken allo ɗaya a cikin duhu yana kaiwa har idon ɗan wasa, yana kuma ɗauke hankalin layi guda na 'yan kallo. Sannan wanda ya yanke shawarar ganin wasan ƙaramar ƙungiya ya sayi tikitinsa da zarar an sanar, kada ya jira ranar. Irin waɗannan ƙungiyoyi sau da yawa da kuɗin tikitin da aka saya da wuri suke biyan hayar zaure da ɗinkin tufafi, kuma yawan kujerun da aka kama a makonnin farko shi ke sa mai zaure ya ƙara musu kwanaki ko ya ba wani wurin.